Maniyyin kiril ba shi da wutsiya, toh ya ake yi ya kai ga ƙwai?

Ɗan'uwa ka ce ka ga wani hoto da aka ɗauka da maikuroskof, wato madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, ance wai maniyyin kiril ne, amma kai abin da ka gani wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne kawai, ba kai ba wutsiya, shi ne kake tambaya ko hoton ne na bogi, in kuma gaskiya ne toh ta yaya abu mara wutsiya zai yi iyo a cikin teku har ya je ya tarar da ƙwai. Hoton nan ba na bogi bane, haka maniyyin yake. Kuma ba ya iyon sam, ko motsi ɗaya ba ya yi da kansa, naɗe shi ake yi a ƙunshi a ɗauka a kai shi har bakin ƙofa. Duk wahalar da ka san ƙwayar maniyyi na sha a wasu halittu, a wajen kiril jikin namijin ne ya ɗauke ta gaba ɗaya, kuma in ka biyo ni zaka ga ba a banza yake ɗaukar ta ba, da ransa yake biya.

Bara in fara da shi kansa kiril ɗin saboda waɗanda basu san shi ba. Wata 'yar halitta ce ta teku mai kama da jatan lande, amma ba jatan lande bace, gidansu daban, masana na ce musu Euphausiacea kuma nau'insu ya kai 85 ko ɗan sama da haka. In kana so ka bambance su da sauri ka duba gindin ƙafafu, abin numfashin kiril a waje yake kamar gashin tsuntsu, ɓawon bayansa bai rufe shi ba, na jatan lande kuwa a rufe yake. Wanda aka fi sani shi ne na tekun Antatika, Euphausia superba, wanda James Dwight Dana ya raɗa wa suna a 1850, tsawonsa yakan kai santimita 6, nauyi kamar giram 2, kuma yana iya shekara biyar zuwa shida a duniya. Sai na arewacin tekun Atlantika, Meganyctiphanes norvegica, shi ma an yi aiki a kansa sosai. Mafi yawan abin da zan faɗa a kan waɗannan biyun ne.

Abin da ya rikita ka nasan shi ne ka ɗauka irin na yawancin kifi ne, mace ta zuba ƙwai a ruwa namiji ya zo ya feso maniyyi a kai kowa ya yi ta kansa. Eh, macen kiril na Antatika tana sakin ƙwanta a ruwa, dubbai a zubi ɗaya, kowane ƙwai bai wuce milimita 0.6 ba. Amma kafin ta sake su maniyyin yana jikinta tuntuni, a ajiye a wata 'yar ma'ajiya da ke ƙarƙashin ƙirjinta da ake kira telikum, daidai gaɓa ta shida ta ƙirjin, dab da inda ƙwan ke fitowa. Kaga kenan tafiyar da ta rage tsakanin maniyyi da ƙwai bata kai a ce tafiya ba, ƙwan ne ma yake zuwa ya same shi. Mai wannan gata me zai yi da wutsiya?

Toh mu shiga cikin namijin. Jikin kiril kashi biyu ne, na gaba inda kai da ƙirji suka haɗe a ƙarƙashin ɓawo ɗaya, ƙirjin na da gaɓoɓi takwas, sai na baya mai gaɓoɓi shida wanda a nan ƙafafun iyo suke, biyu-biyu har sahu biyar. Marainansa suna can cikin kashin gaba, ta sama wajen baya, zuciya na samansu hanji na ƙasansu, a matse a tsakani. Ba dunƙule bane irin wanda kake tunani, wasu 'yan jakunkuna ne masu kama da yatsu da suka jeru suka yi zagaye kamar takalmin doki, kowace 'yar jaka bakinta na buɗewa cikin bututun da zai kwashi abin da ta haɗa. Wadda ta zauna ta zana wannan tsarin dalla-dalla ita ce Helene Bargmann a 1937, da kiril ɗin da jiragen binciken Discovery na Ingila suka kwaso daga tekun kudu, kuma gaskiya har yau in mutum ya buɗe namijin kiril ya duba zanenta sai ya sara mata, babu kayan aikin zamani a hannunta amma bata bar komai ba.

A cikin 'yan jakunkunan nan ake ƙera maniyyin, kuma farkon aikin bai da wani bambanci da na mutum ko bera ko ƙuda. Akwai iyayen sel, wato ƙananan ƙwayoyin da ake gina jiki da su, da ake kira sifamatogoniya, su aikinsu rabuwa, ɗaya ya zama biyu biyu su zama huɗu, kowane da cikakken adadin kuromosom, wato ƙullin da ke ɗauke da bayanan gado. Wasu daga ciki sai su daina wannan rabuwar su kumbura su zama sifamatosait, sannan su shiga wata rabuwa ta musamman, mayosis, wadda ake yi sau biyu a jere, a nan ne kuromosom na uwa da na uba suke rungumar juna su yi musayar yanki sannan adadin ya ragu zuwa rabi, sel ɗaya ya haifar da huɗu. In ka yanka marainan siriri-siriri ka sa musu rini ka duba, zaka ga matakan nan a wuri ɗaya, wasu sel manya masu cibiya jajir da rini suna tsakiyar rabuwa, wasu ƙanana sun gama suna jiran fita.

Inda hanya ta rabu shi ne bayan nan. A mutum, ɗan ƙaramin sel ɗin nan da ya fito daga mayosis sai an sake masa gini gaba ɗaya, a matse DNA ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon, tamau ta zama ɗan ƙaramin kai, a zubar da yawancin ruwan jikinsa, a dasa masa wutsiya, a jera masa injinan bada ƙarfi a wuya, sannan a kifa masa hula a goshi da ake kira akurosom, cike da sinadaran da zasu huda bangon ƙwai. Kiril duk ya tsallake wannan. Babu wutsiya. Cibiyar na nan a tsakiya kuma DNA ɗin ba a matse ta ba, a warware take kamar zare. Jikin ƙwayar kuma zagaye ne ko ɗan shigen ƙwai. Abin da ya fi ba masana mamaki ma ba wutsiyar bace, don ai jatan lande da ƙaguwa su ma maniyyinsu bai da wutsiya, wannan a danginsu ba baƙon abu bane, amma su suna da akurosom babba, wasu har da tsini ko hannaye da suka fito daga jikin ƙwayar. Da aka duba na Meganyctiphanes norvegica da maikuroskof mai aiki da lantarki, a wani nazari da aka buga a 1998, sai aka ga shi ko akurosom ɗin ma babu. Shi yasa hoton da ka gani ya yi maka kama da ba komai, ni kaina ranar da na fara gani sai da na tambayi wanda ke koya min ko dai datti ne ya hau gilashin, ya yi dariya yace ai su kenan.

Wani abu a gefe wanda ni yake burge ni. A 2023 aka fitar da cikakken jerin DNA na kiril ɗin Antatika, haruffa kusan biliyan 48, na mutum kuwa biliyan 3 da 'yan kai. Ma'ana kowace ƙwayar maniyyin wannan ɗan abin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba tana ɗauke da DNA da ta ninka ta ƙwayar maniyyin mutum sau goma sha biyar. A nawa ganin mai irin wannan kaya gara dai a ɗauke shi ɗin, iyo ba nasa bane.

Toh an gama ƙera su, basa motsi, ya zasu fita? Bututu biyu ne, dama da hagu, suke tasowa daga marainan su nufi baya suna lanƙwasa, naman bangonsu ne yake tura maniyyin gaba. Kuma ba hanya ce kawai ba, masana'anta ce, bangon bututun yana fitar da wani ruwa mai danƙo da yake tattara ƙwayoyin wuri ɗaya, can gaba inda bututun ya buɗe ya yi faɗi sai a zuba musu bango mai tauri a kewaye. Abin da yake fitowa shi ne sifamatofo, ni ƙunshin maniyyi nake ce masa, siffarsa kamar 'yar kwalba mai dogon wuya, maniyyin na cikin tumbin, wuyan kuma shi ne zai maƙale a jikin mace. Kowane ɓangare na yin nasa, saboda haka namijin da ya shirya yana yawo ne da ƙunshi biyu a ajiye a ƙarshen bututun, dab da ƙofofin fita da suke ƙarƙashin gaɓa ta takwas ta ƙirji, wato ta ƙarshe kafin kashin baya ya fara.

Ka lura da nisan, ƙofar namiji na gaɓa ta takwas, ma'ajiyar mace na gaɓa ta shida a nata jikin, su biyun kuma suna cikin ruwa suna iyo babu abin dafawa. Dole sai da hannu. Hannun shi ne fetasma. Sahun farko na ƙafafun iyon namiji, reshen ciki na kowace ƙafa ya canja siffa ya zama wani abu mai faifai-faifai da ƙugiyoyi da ƙayoyi, sahu na biyu ma ya ɗan canja yana taimakawa, kuma abin da masana suka tafi a kai shi ne da waɗannan yake karɓar ƙunshin daga ƙofarsa ya liƙa wa mace. Kowane nau'in kiril da irin ƙugiyoyinsa, har ta kai in aka kawo maka nau'i biyu masu kama da juna sosai aka ce ka raba, fetasma zaka fara dubawa, shi ne kamar zanen yatsa a wajenmu. Akwai ɗaya tal da ya fita zakka, Bentheuphausia amblyops, mazaunin can ƙasan teku sama da mita 1,000, shi ƙafafun iyonsa basu zama fetasma ba, kuma ko fitilun jiki da sauran kiril ke da su ba shi da su.

Bara in nuna maka yadda ake duba shi a aikace don ka ji daɗin fahimta. Ka ɗauko kiril ɗaya daga cikin abin da raga ta kamo, ka kwantar da shi rigingine a ɗan faifan gilashi da ruwan teku mai sanyi, ka sa shi ƙarƙashin maikuroskof. Da bakin allura zaka ɗaga ƙafar iyo ta farko. In yaro ne ƙarami babu komai, baka ma iya cewa namiji ne ko mace. In ya fara tasawa zaka ga ɗan tsiro guda ɗaya kamar ƙurji a jikin reshen, gaba kaɗan tsiron ya rabu biyu, gaba kuma ya yi fiffike, har ranar da ƙugiyoyin zasu fito sarai. Sai ka koma gindin ƙafafun ƙirji na ƙarshe, a namijin da ya balaga zaka hango wurin ya kumbura ya yi ja-ja ta cikin fata tunda jikin nasu garai-garai yake. Ka ɗan danna da gefen allurar a hankali. In bai shirya ba babu abin da zai fito. In ya shirya sai kaga ƙunshin ya sulluɓo waje, wani lokacin duka biyun, suna ɗan sheƙi. Wannan dannawar ita ce ke raba matakai biyu na baligin namiji a ma'aunin da masana Makarov da Denys suka tsara a farkon shekarun 1980, kuma har yanzu da shi masu sa ido a jiragen kamun kiril suke aiki. Mutum ya yi ɗari biyu a zama ɗaya jirgi na rawa da shi, wuya sai ta ƙage.

Ita kanta barbarar an daɗe ana hasashe kawai, ana ganin mata da ƙunshi a maƙale amma ba a ga lokacin da aka liƙa ba, kuma kowa ya ɗauka a saman ruwa ake yi inda garken yake. Sai a 2011 So Kawaguchi na hukumar binciken Antatika ta Ostireliya da abokan aikinsa suka fitar da abin da kyamararsu ta ɗauko a gabashin Antatika, a ƙasan teku, zurfin mita 400 zuwa 700. Namiji ya bi mace a guje, ya cim mata ya taɓa ta, su rungumi juna ciki da ciki, sai ya lanƙwasa jikinsa ya naɗe ta, daga nan ya sa kai yana tura ta suna juyawa. Abu ne na ɗan lokaci kaɗan a rabu. In ka haɗa wannan da siffar namiji sai komai ya zauna daidai, don baligin namiji ya fi mace sirantaka, idanunsa sun fi girma, eriyoyinsa sun fi tsawo da yawan gashin shinshina. An gina shi ne don nema da bi, ba don ajiya ba.

Bayan an liƙa, maniyyin na tsiyayewa daga ƙunshin ya shiga ma'ajiyar, ƙunshin ya zama fanko amma yakan ci gaba da reto a jikinta, shi yasa in mun kama mace mukan rubuta ko nata cike yake ko fanko, daga nan ake gane inda kakar haihuwa ta kai. A Antatika abin na kankama ne daga Disamba zuwa Maris, lokacin zafinsu kenan. Ƙwan da aka saki nutsewa yake yi, kwanaki yana tafiya ƙasa, a can cikin zurfi yake ƙyanƙyashewa sannan 'ya'yan su kamo hanyar sama da kansu.

Ga inda matsalar namiji take. Kiril ba kamar wasu danginsa bane da suke rage saɓa in sun girma, shi har ya mutu yana saɓa, a lokacin zafi kusan duk sati biyu zuwa uku sai ya tuɓe ɓawonsa ya yi sabo. Telikum ɗin mace kuwa ɓangaren ɓawon ne. Ranar da ta yi saɓa, da ƙunshin da abin da ya rage na maniyyin duk sun tafi da tsohon ɓawo. Ita kuma tana iya zuba ƙwai fiye da sau ɗaya a kaka guda. Kenan kowane zagaye sai an sake kawo sabo, babu wani ajiye na bara ko na watan jiya. Namiji dai bashi da hutu, yana ƙera ƙunshi yana bin mata yana sake ƙerawa tun daga farkon kaka har ƙarshenta.

In kaka ta wuce kuma sai wani abin mamakin ya faru, wanda ni ya taɓa kunyata ni. An bani samfurin da aka kamo da hunturu aka ce in tantance, na zauna na cika takarda da samari, samari, samari, ina ta mamakin ina manyan mazan suka shiga. Ashe su ne a gabana. Da hunturu in rana ta ɓace abinci ya yi ƙaranci, fetasma na komawa baya, duk saɓa sai ya rage ƙugiya ya rage faifai har ya koma kamar na wanda bai balaga ba, bututun ya bushe babu ƙunshi, macen ma telikum ɗinta haka yake yi. Jikin gaba ɗaya ma yana iya raguwa, masana Ikeda da Dixon sun nuna a 1982 cewa kiril na iya wuce kwana 200 ba ci, yana saɓa yana ƙanƙancewa. Wanda ya gyara min kuskuren cewa yayi in daina kallon ƙafa kawai in kalli ido, don ido baya raguwa tare da jiki, in kaga ɗan ƙaramin kiril da ƙaton ido toh tsoho ne ya sha hunturu. Da haske ya dawo sai komai ya sake tsirowa. Kuma ba abinci kaɗai ke juya wannan agogon ba, a tankunan gwaji an ga tsawon hasken rana da kansa yana tada balaga ko ya kwantar da ita, da irin wannan dabarar ta sarrafa haske da abinci ne gidan kifaye na tashar jiragen ruwa ta Nagoya a Japan ya samu kiril ɗin Antatika suka hayayyafa a hannu.

Namiji ma baya saurin shiga wannan harkar. Aikin masana Siegel da Loeb na 1994 ya nuna mata na balaga ne a tsawon milimita 35 ko kusa da haka, maza kuwa sai wajen 43, kusan shekara guda kenan a bayansu. Yana jira ya yi girman da zai iya tsere, amma da ya shiga sai ya zuba duk abin da ya mallaka. Mutane sukan ɗauka mace ce kawai ke kashe jiki tunda ita ake gani ta kumbura da ƙwai, toh amma da aka auna kitsen jikin baligan maza a tsakiyar kaka an tarar ya yi ƙasa ƙwarai, kitsen ajiya kusan babu, alhali da shi ake tsallake hunturu. Ƙunshin da kansa ƙarami ne, ni a ganina ba shi kaɗai ke cinye su ba, gudun ne da neman da rashin tsayawa a yi kiwo yadda ya kamata. Kawaguchi da mutanensa sun bi lissafin kamun shekaru da yawa a 2007 suka ga alamar maza sun fi saurin girma kuma sun fi saurin mutuwa, shi yasa in ka zazzage raga ka ware mafiya girma gefe guda ka fara ɗaga ƙafar iyo ɗaya bayan ɗaya, zaka ga masu fetasma sun yi ƙaranci a cikinsu, yawanci jan telikum zaka yi ta cin karo da shi.